Tambarin da ake bugawa kafin labari: United Artists da fuskokinsa a ƙasashen waje

A fadar sarki ba don rawa ake buga tambari ba. Ana buga shi ne domin na nesa da na kusa su san mai gari ya fito. Da Hausa ta nemi sunan da za ta ba alamar da kamfani ke liƙawa a jikin hajarsa, sai ta ari wannan kalma, kuma babu inda aron ya zauna daidai kamar a gidan silima. Can ne ma'anonin biyu ke haɗuwa: fitila ta mutu, allo ya haskaka, zaki ya yi ruri ko duniya ta juya, kakaki ya tashi, sannan labari ya fara. Abin bai wuce daƙiƙa ashirin ba, mafi yawan masu kallo ma a lokacin suke neman mazauni. Amma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ake faɗin mai fim, da hannun da ya kawo shi garin da ake kallonsa, kuma sau da yawa waɗannan biyun ba abu ɗaya ba ne.

Kamfanin da ya fi dacewa a bi sawunsa a wannan batu shi ne United Artists na Amurka, domin ya yi kusan rabin ƙarni ba shi da wata fuska tsayayya a kan allo. An kafa shi ranar 5 ga Fabrairu 1919, kuma waɗanda suka kafa shi mutum huɗu ne da sunansu ya riga ya cika duniya: Charlie Chaplin, Mary Pickford, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith. Sun gaji da yi wa masu kuɗi aiki, suka ce za su riƙa kai finafinansu kasuwa da kansu. An ruwaito cewa Richard Rowland, shugaban kamfanin Metro, da ya ji labari sai ya ce mahaukata sun ƙwace gidan mahaukata. Mai karatu ya riƙe sunan Metro, zai sake jin sa.

United Artists ba shi da filin ɗaukar fim nasa, ba shi da taurarin da ya ɗaure da kwangila. Dillali ne, daga baya kuma mai zuba jari. Saboda haka abin da mai kallo ke gani a farkon fim alamar mai shirya shi ce: hasumiyar agogon Landan ta kamfanin London Films na Alexander Korda, ko farin gidan nan mai ginshiƙai na David O. Selznick a farkon Rebecca (1940). Sunan dillalin kuwa yakan maƙale ne a layi ɗaya cikin jerin sunaye, ko cikin wata ƴar alama mai kusurwa shida a gindin takardar talla. Sanders of the River (1935), fim ɗin Korda da ke wasa mulkin Ingilishi a Najeriya, wanda Paul Robeson ya fito a ciki kuma ya yi tir da shi daga baya, ta hannun United Artists ya zaga kasuwa, amma agogon Landan ne ya buga masa tambari. A gefe guda kuwa zakin Metro-Goldwyn-Mayer yana kan allo tun 1924, ya fara ruri da murya a 1928. Tsaunin Paramount da duniyar Universal kowannensu ya kafu a idon jama'a.

Wannan rashin fuska wasu na ɗaukar sa rauni. A ƙasashen waje kuwa shi ne ya zama ƙarfin kamfanin. Zaki ba ya fassaruwa, duk inda ya je zakin Amurka ne. Suna kuwa ana juya shi zuwa kowane harshe. A wasu ƙasashen da ke jin Sifaniyanci kamfanin ya zama Artistas Unidos, a Faransa ya zama Les Artistes Associés tun shekarun 1920, kuma sunan ya zauna a bakin Faransawa har da yawansu ba su ɗauke shi baƙo ba. A takardun tallan Faransa na shekarun 1950 da 1960, wannan suna ne a rubuce ƙarƙashin Le train sifflera trois fois, da Les Sept Mercenaires, da Bons baisers de Russie. Babu ɗaya cikin sunayen nan da ya yi daidai da na asali kalma da kalma. An sake wa fim suna, an ɗora masa muryoyin Faransanci, an ba shi lambar izinin nunawa daga hukuma, an sa masa sunan dillali cikin harshen gida. Baƙo ya shigo gari da rigar ƴan gari.

Ba ƙaunar Faransanci ce ta sa haka ba, doka ce da lissafi. Bayan yaƙin duniya na biyu, yarjejeniyar Blum da Byrnes ta 1946 ta buɗe wa finafinan Amurka ƙofar Faransa, ma'aikatan silima suka fita zanga-zanga, aka sake zama a 1948 aka ƙayyade yawan finafinan Amurka masu muryar Faransanci da za su shiga kowace shekara. A shekarar nan kuma aka ɗora haraji a kan kowane tikitin shiga silima, kuɗin na taruwa a wani asusu da ba a tallafa wa kowa da shi sai fim mai takardar zama ɗan ƙasa. Ingila ma ta yi irin wannan asusu. Lauyoyi biyu da suka karɓi ragamar United Artists a 1951, Arthur Krim da Robert Benjamin, sun gane cewa wanda ke son ruwan rijiyar gida sai ya zama ɗan gida. A shekarun 1960 sai ga reshe mai suna Les Productions Artistes Associés, kamfanin Faransa a takarda, kuɗin Amurka a aljihu. Da hannunsa aka yi L'Homme de Rio (1964) na Philippe de Broca, da Viva Maria ! (1965) na Louis Malle, da finafinan François Truffaut irin su La Mariée était en noir, da Baisers volés (duka 1968), da L'Enfant sauvage (1970). Malamin Faransanci da ya taɓa nuna wa ɗalibansa labarin yaron nan na dajin Aveyron a matsayin tsantsar fasahar Faransa bai yi ƙarya ba, sai dai in ya tsaya ya karanta allon farko zai ga cewa jarin yana da ƙafa ɗaya a New York. Har James Bond ya taɓa zama rabin Bafaranshe ta wannan hanya: Moonraker (1979) haɗin gwiwa ne tsakanin Eon ta Ingila da Artistes Associés, an ɗauki mafi yawan cikinsa a ɗakunan ɗaukar fim na Paris, kuma Michael Lonsdale ne mugun labarin.

Sauya riga bai tsaya ga ɓangare ɗaya ba. A 1964 Sergio Leone ya yi fim ɗin kaboyi a ƙasar Sifaniya da kuɗin Italiya da Jamus da Sifaniya, ya ji tsoron ƴan ƙasarsa ba za su shiga kallon kaboyin gida ba, sai ya sa wa kansa suna Bob Robertson, mai kiɗansa Ennio Morricone ya zama Dan Savio, Gian Maria Volonté ya zama John Wells. Turawan Italiya sun yi shigar Amurkawa domin su sayar a Roma, a daidai lokacin da Amurkawa ke shigar Faransawa domin su sayar a Paris. Sai a 1967 United Artists ya kai fim ɗin Amurka tare da ƙannensa biyu, kuma ma'aikatan tallansa ne suka ƙirƙiro wa Clint Eastwood laƙabin mutumin da ba shi da suna, alhali a cikin kowane ɗaya daga finafinan uku akwai sunan da ake kiran sa da shi.

Ya kamata a tambaya: a wannan doguwar hanya, me ke isowa ƙasashen Sahel? Kafin samun ƴancin kai da kuma bayansa, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da shigo da finafinai da mafi yawan gidajen silima a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Kwafin da suke kawowa ya riga ya gaji da yawo a Turai, sannan ya bi ta biranen bakin teku kafin ya hauro arewa. Duk wanda ya san aikin majigi ya san cewa bakin naɗin farko shi ne ya fi shan wahala: nan ake kamawa, nan ake zargawa a inji, nan yake tsinkewa a yanke a liƙa. Wato wurin da tambari yake shi ne farkon abin da hanya ke ci. A ɗaya gefen iyaka kuwa, manyan kamfanonin Amurka sun kafa ƙungiyarsu ta rarrabawa, AMPECA, a 1961 domin ƙasashe rainon Ingila. Sai ya zama fim ɗaya yana iya zuwa Kano da Ingilishi ta Legas, ya zo Maraɗi ko Damagaram da Faransanci ta wata hanya daban, da wani suna daban, ga masu kallo da harshensu na gida ɗaya ne kuma da yawansu ba sa jin ko ɗaya cikin harsunan biyu.

Waɗannan masu kallo ba su jira tambarin kamfani ba, sun yi nasu. A Moi, un noir (1958) na Jean Rouch, samarin Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville ta Abidjan sunayen taurari suka ara: Oumarou Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine. A Le Retour d'un aventurier (1966) na Moustapha Alassane, abin da matafiyi ya kawo wa abokansa tsaraba shi ne malafa da takalma da bindigogin kaboyi. Fuska da tufafi da tafiya su ne alamar da ta ƙetare hamada. Masu shirya James Bond sun fahimci haka tun 1962, lokacin da Maurice Binder ya zana musu farin ɗigon nan mai tafiya da bakin bindiga da mutum ke juyowa ya harba. Wannan hoton ba na dillali ba ne, yana cikin jikin fim, kuma shi ne ya wanzu bayan dillalai sun yi ta canjawa a gabansa.

United Artists ya sami fuska tsayayya ne a lokacin da ya daina mallakar kansa. A 1967 Transamerica, wani babban kamfanin inshora da hada-hadar kuɗi na San Francisco, ya saye shi. Daga 1968 finafinansa suka fara buɗewa da shuɗɗan layuka a kan baƙin allo, suna lanƙwasa har su zama harafin T. Abin lura a nan shi ne harafin ba U ba ne, ba A ba ne. Kamfanin da masu fasaha huɗu suka kafa don kada mai kuɗi ya sa musu hannu, ga shi yana buɗe kowane fim da harafin farko na sunan mai inshora. A ido zanen yana da tsabta, irin ta shekarun da bankuna da kamfanonin jiragen sama suka koma ga alamomi marasa hoto, amma ba ya faɗin komai game da silima. Da an manna shi a ƙofar ofishin lamuni da ya zauna daram. Duk da haka a ƙarƙashinsa kamfanin ya yi shekarunsa mafi albarka. Midnight Cowboy (1969) ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, sannan aka jera uku babu tsallake: na 1975 da Faransawa suka sani da Vol au-dessus d'un nid de coucou, da Rocky (1976), da Annie Hall (1977). An ruwaito cewa uban gidan kan nemi a cire sunansa daga finafinan da hukumar tacewa ta ware wa manya kaɗai. Ribar yana so, sunansa ne ba ya so a gani kusa da ita.

A shekarun nan ne kuma aka fara raba duniya gida biyu a fili. A 1970 Paramount da Universal suka haɗa ofisoshinsu na ƙasashen waje suka kafa CIC, domin riƙe ma'aikata a kowace ƙasa ya yi musu tsada. A 1973 MGM ya rufe nasa sashen rarrabawa: a cikin Amurka ya miƙa finafinansa ga United Artists, a waje ya miƙa su ga CIC. Daga nan mai kallo a Paris ko Dakar ya fara ganin wata alama da Ba'amurke bai taɓa gani a garinsu ba, alamar da ba ta da ɗakin ɗaukar fim ko tauraro, aikinta kawai ta ce kai ɗan waje ne.

Faɗuwar ta zo da sauri. Krim da Benjamin da manyan abokan aikinsu suka fice a 1978 suka kafa Orion. A 1980 Heaven's Gate na Michael Cimino ya cinye kusan dala miliyan 44, bai dawo da ko kashi ɗaya cikin goma ba a Amurka. A 1981 Transamerica ya sayar, mai saye kuwa MGM ne, magajin Metro ɗin Rowland. Shekara 62 bayan maganar mahaukata, gidan ya koma hannun masu gadi. A shekarar nan aka narkar da ofisoshin United Artists na waje cikin CIC, aka haifi UIP mai hedkwata a Landan, kuma da haka sunan Artistes Associés ya fara ɓacewa daga takardun tallan Faransa. Abin da ya biyo baya jerin ciniki ne: Ted Turner ya saya a 1986 ya riƙe tsoffin finafinan MGM ya sayar da saura, Giancarlo Parretti ɗan Italiya ya saya a 1990 da bashin Crédit Lyonnais, ya kasa biya, bankin ya karɓe a 1992 ya riƙe har 1996. Shekara huɗu ke nan zakin Hollywood yana ruri a matsayin dukiyar wani banki mallakar gwamnatin Faransa, kuma babu abin da ya nuna haka a kan allo.

Nan ne ainihin abin da ya kamata ya dami malamai da ƙungiyoyin da ke nuna finafinai. Kowane sabon mai gida yakan kankare alamar wanda ya gabace shi ya ɗora tasa. Harafin T shi aka fara cirewa bayan 1981, tun da Transamerica ba shi da sauran hannu a kamfanin, kuma wannan hujja ce da za a iya ji. Amma ba a tsaya nan ba. Kaset da faifan DVD na finafinan 1960 da 1970 sun yi ta fitowa da alamun 1980 da 1990, har ya zama yaro na iya kallon Goldfinger (1964) ko Rocky ya ji zaki ya yi ruri a gaba, ya tashi da yaƙinin cewa MGM ne ya yi su, alhali a lokacin da aka yi su MGM abokin hamayya ne. United Artists kansa ba shi da bakin kuka, domin shi ma ya yi wa wasu: a 1958 ya mallaki tsoffin finafinan Warner na kafin 1950, aka yi shekaru ana ganin Casablanca (1942) da alamarsa a gaba, kafin fim ɗin ya bi ta hannun MGM da Turner ya koma gidansu a 1996. Makiyayi da ya sayi raƙumi yakan ƙara nasa lalas a gefe, tsohon yana nan, mai ido ya karanta hannuwan da dabbar ta bi. Wasu masu gyaran tsoffin finafinai haka suke yi, su sa alamar mai haƙƙi na yau a gaba, su bar ta asali a bayanta. Ba ya cin ko minti ɗaya, kuma shi ne daidai.

Asarar ta fi yawa ga mai kallo na waje. Faifan zamani da tashoshin intanet galibi hoto ɗaya suke ɗauka, na ƙasar asali, sai a jera masa muryoyi a zaɓa. Muryar Faransanci tana nan, amma allon da ke ɗauke da sunan fim da Faransanci, da sunan dillalin Paris, da lambar izini, da jerin waɗanda suka ara wa taurari muryoyinsu, sau da yawa sun tafi. Fim ɗin da dattawan Yamai da Tawa suka kalla a silimar da ba ta da rufi ba shi ne daidai wanda jikokinsu ke gani a waya ba, ko da labarin bai canja da harafi ɗaya ba. Mai binciken da zai so ya rubuta tarihin kallo a wannan ƙasa, ya san wa ya kawo me, ta wace hanya, wa ya ci riba, shaidarsa ta farko ke nan aka goge. Batun ba na tsoffin kaya ba ne kawai. Saboda wannan hanya ta shigo da finafinai ne Haute-Volta ta ƙwace gidajen silimarta a 1970, saboda ita ne ƙasashe suka haɗu suka kafa CIDC a Wagadugu ƙarƙashin ɗan Nijar Inoussa Ousseini, ƙoƙarin da ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1980. Finafinan gida ma ba su tsira daga tambayar ba: Cabascabo na Oumarou Ganda da fim ɗin kaboyin Alassane duka sunan Argos Films na Paris ke jikinsu, kamfanin da alamarsa mujiya ce, tsuntsuwar hikima a wurin Girkawa, wadda Bahaushe kuwa ba ya murnar jin kukanta a kan danga.

James Bond, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, shi ne ma'auni mafi sauƙi. GoldenEye (1995) ya buɗe da sabuwar alamar United Artists, ɗigogin haske da ke haɗuwa su zama harufa biyu. Daga 1999 zaki ya karɓi wurin gaba ɗaya. A 2002 Fox ne ya kai shi ƙasashen waje, bayan MGM ya bar UIP. A Casino Royale (2006) zakin da matar Columbia mai riƙe da fitila suka fito tare, an cire musu launi domin su dace da buɗewar fim ɗin ta baƙi da fari, kuma wannan na cikin ƴan lokutan da aka bi da tambari a matsayin ɓangaren aikin fasaha. A 2021, No Time to Die ya fita a Amurka ta hannun wani kamfanin rarrabawa da aka raɗa wa tsohon sunan United Artists, a sauran duniya kuwa ta hannun Universal, mai alamar duniyar da ke juyawa ta tsaya da nahiyar Amurka tana fuskantar mai kallo. A Maris 2022 Amazon ya kammala sayen MGM a kan dala biliyan 8.45, da zakin, da harufan nan biyu, da duk abin da ya rage na gidan Chaplin da Pickford. Zakin da ke ruri tun 2021 ma ba mai rai ba ne, da kwamfuta aka zana shi a kan siffar wanda aka ɗauka a 1957.